Darasi: Yadda Ake Sake Buga Tsohuwar Waƙa a Faifan Garmaho, da Yadda Za Ka Ceto Kaset ɗin Gidanku

Yau za mu ɗan ajiye maganar sababbin wayoyi, mu duba wata tsohuwar fasaha da ta dawo kasuwa, wato faifan garmaho. Za mu ga yadda kamfanoni ke ɗauko waƙar da aka yi shekaru masu yawa su sake buga ta, sannan mu koyi yadda za ka yi amfani da waya ko kwamfuta ka kwashe abin da ke cikin kaset ɗin da ke jibge a gidanku kafin zafi da ƙura su gama da shi.

Garmaho a wannan zamani?

Da yawanmu ba mu taɓa ganin garmaho yana juyawa ba, sai dai labari a bakin kakanni. Amma a ƙasashen Turawa kasuwarsa ta farfaɗo. A shekarar 2022 an sayar da faifan garmaho kusan miliyan 41 a Amurka, faifan CD kuwa miliyan 33. Rabon da garmaho ya wuce CD a can tun 1987.

Wani babban kaso na wannan ciniki tsofaffin waƙoƙi ne da ake sake bugawa. Misali, akwai wata ƙungiyar makaɗa ta birnin Manchester a Ingila mai suna Joy Division, masu salon kiɗan da ake kira post-punk, wanda ya ɓullo a ƙarshen shekarun 1970. Kundin waƙoƙinsu na farko, Unknown Pleasures, ya fito a 1979. A 2019, da ya cika shekara 40, aka sake buga shi a faifan garmaho, matasan da ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin fitowarsa suka saya.

Kada ka ɗauka abin na Turawa ne kawai. Ga misalai daga nan kusa da mu.

Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Buzaye daga jihar Tawa a Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da irin kayan sutudiyo da gyaran muryar da ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori har arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya same su a wayoyin mutane. A 2011 ya fitar da faifan garmaho mai suna Music from Saharan Cellphones, wanda ya tattara waƙoƙin da ya kwaso daga wayoyi, har da ɗaya ta Mdou. A 2014 kuma kamfanin ya buga Anar a faifan garmaho. Yau Mdou Moctar yana zagaya duniya yana wasa, kamfanin Matador na Amurka ne ya fitar masa da kundin Afrique Victime a 2021.

Na biyu shi ne Mamman Sani, ɗan Nijar mai kiɗa da molon lantarki irin na fiyano. Ya ɗauki kundinsa na farko a 1978, ya fito a kaset. Bayan shekara fiye da 30, Kirkley ya ci karo da kaset ɗin a gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Yamai, aka sake buga shi a faifan garmaho a 2013 da sunan La Musique Électronique du Niger. A wannan shekarar dai kamfanin ya fitar da wani faifai mai suna Harafin So, na waƙoƙin finafinan Hausa.

Abin lura a duk waɗannan labarai ɗaya ne: ba a iya sake buga waƙa sai wani ya adana kwafinta. Kuma kyan sabon bugun bai taɓa wuce kyan kwafin da aka samo. Wannan shi ne ginshiƙin darasinmu.

Yadda kowace na'ura ke riƙe sauti

Sauti girgiza ce da ke tafiya a iska. Kowace na'urar ɗaukar sauti hanya ce ta rubuta wannan girgiza don a maimaita ta daga baya.

*Faifan garmaho.* A fuskar faifan akwai siririn kwarmi guda ɗaya da ya nannaɗe daga baki zuwa tsakiya. Bangon kwarmin a lanƙwashe yake daidai da girgizar sautin. Idan faifan na juyawa, allura na bin kwarmin tana rawa, sai a mayar da rawar zuwa lantarki, a ƙara mata ƙarfi, ta fito a sifika. Babban faifai mai faɗin inci 12 yana juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya, kowane gefe na ɗaukar kusan minti 20 zuwa 22. Kamfanin Columbia ne ya fito da shi a 1948. Ƙaramin mai inci 7 yana juyawa sau 45, ya fito a 1949. Kafin su akwai mai juyawa sau 78, mai nauyi da saurin fashewa, wanda kakanninmu suka fi sani.

*Kaset.* Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963. Zaren da ke ciki leda ce da aka shafa wa garin ƙarfe. Lokacin ɗauka, kan rakoda yana jera wannan gari da ƙarfin maganaɗisu daidai da sautin. Zaren na tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa ɗaya. Duk lokacin da aka kwafi kaset daga wani kaset, ƙarar "shuu" tana ƙaruwa, zaƙin muryar yana raguwa.

*Fayil na waya da kwamfuta.* A nan ana auna sautin ne ana rubuta shi da lambobi. A ma'aunin faifan CD, ana awon sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo da bit 16, ɓangaren hagu da na dama. Idan ka lissafa, kilobit 1,411 ke nan a daƙiƙa, wato kusan MB 10 a minti ɗaya. Fayil ɗin WAV haka yake ajiye sauti, ba ya zubar da komai. FLAC yana matse shi ya rage girma, amma idan an buɗe komai na nan yadda yake. MP3 kuwa zubar da wani sashe na sautin yake yi, wanda aka ƙiyasta kunne ba zai lura da shi sosai ba. MP3 mai kilobit 128 bai kai MB 1 a minti ba, wato ya fi WAV ƙanƙanta kusan sau 11. Abin da ya zubar kuma ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi.

A nan akwai wata fahimta da ya kamata a gyara. Wasu na cewa waƙa tana lalacewa idan an yi ta tura ta da Xender ko Bluetooth. Tura fayil ba ya rage masa komai, kwafi na ɗari daidai yake da na farko. Abin da ke lalata sauti shi ne sake matsewa: a mayar da MP3 zuwa bidiyo a ɗora a TikTok, wani ya sauke ya mayar MP3, wani ya kunna a sifika ya ɗauka da saƙon murya na WhatsApp. Kowane mataki sai an sake zubar da wani abu. Shi ya sa za ka ji tsohuwar waƙar Mamman Shata a memorin da aka tura maka a kasuwa, kalangun na fita kamar daga cikin rijiya.

Matakan da kamfani ke bi wajen sake bugu

1. *Neman asali.* Da farko sai a nemi zaren da aka ɗauki waƙar a kansa a sutudiyo. Idan ya ɓata, a nemi faifai ko kaset mafi lafiya da ya rage.

2. *Neman izini.* A nemo mawaƙin ko magadansa, da kamfanin da ya fara bugawa, a yi yarjejeniya a rubuce.

3. *Kwashewa.* A kunna asalin a na'ura mai kyau, a ɗauke shi zuwa kwamfuta ba tare da matsewa ba.

4. *Gyara.* Injiniyan sauti ya rage ƙara da ƙwas-ƙwas, ya daidaita ƙarfin waƙoƙin.

5. *Yanka.* Wata na'ura mai allura ta sassaƙa kwarmin a kan faifai mai laushi. Wajen yankan ana rage amon ƙasa, irin na ganga, a ƙara na sama, don kwarmin ya yi siriri ya ɗauki mintoci da yawa. Na'urar kunnawa ce ke mayar da shi daidai. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

6. *Bugawa.* A yi wa faifan da aka yanka rufin ƙarfe, a ɓamɓaro ƙarfen ya zama kamar hatimi. Da shi ake danna narkakkiyar roba, faifai bayan faifai.

Mataki na 5 da na 6 sai masana'anta. Amma na 1, na 3 da na 4, kai ma za ka iya yin su a ɗakinka, kuma su ne suka fi muhimmanci.

Me ke cikin akwatunan gidajenmu?

A Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, da wuya ka shiga tsohon gida ka rasa kwali ko jakar kaset a ƙarƙashin gado ko a saman kabad. Waƙoƙin Shata da Ɗan Maraya Jos da Ɗanƙwairo ana samunsu a intanet ko da ba su da kyau sosai. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne waɗanda babu kwafinsu a ko'ina: kiɗan makaɗan gari a bikin aure ko naɗin sarauta, tafsirin malamin unguwa da ya riga mu gidan gaskiya, waƙar 'yan dambe da ta manoma, saƙon murya da ɗan'uwa ya aiko daga Makka a zamanin da babu waya, da kaset ɗin mawaƙan Damagaram da suka shigo ta kasuwar Maigatari. Irin waɗannan idan zaren ya tsinke, muryar ta tafi har abada.

Yanayinmu kuma ba ya raga musu. Zafin bazara a ɗakin kwano yana lanƙwasa faifan garmaho, yana miƙar da zaren kaset. Ƙurar hunturu tana shiga kwarmi tana kankare shi. Laimar damina tana kawo fumfuna ta manne zaren. Rakodojin da za su kunna su ma suna ƙarewa. Rigakafi ya fi magani.

Kayan da kake buƙata

- Rakoda mai lafiya, wadda ke da ramin iyafis ko ramukan fitar da sauti masu jan baki da fari.
- Ƙaramin akwatin sauti na USB mai ramin shigar da sauti. Misali Behringer UCA202 ko UCA222.
- Wayar haɗi da ta dace da ramukan biyu.
- Kwamfuta mai manhajar Audacity, kyauta ce. Idan babu kwamfuta, wayar Android da igiyar OTG, da manhajar ɗaukar sauti mai iya ajiyewa a WAV. Android na karɓar akwatin sauti na USB tun daga siga ta 5.0.
- Auduga mai tsinke, sifirit, da biro.
- Wurin ajiya. Kaset mai minti 60 zai ci kusan MB 635 a WAV, mai minti 90 kusan MB 950.

Abubuwa biyu za ka guje wa. Na farko, kara waya a bakin sifika. Za ka ɗauki kukan zakara da ƙarar babur tare da waƙar, makirfon waya kuma don magana aka tsara shi. Na biyu, ƙananan na'urorin nan masu arha da ke juya kaset kai tsaye zuwa MP3 a filashi. Suna da sauƙin aiki, amma tun a matakin farko sun matse sautin.

Yadda za ka kwashe kaset

1. *Kare kaset ɗin.* A saman kowane kaset akwai 'yan harsuna biyu na roba. Ɓalle su. Daga nan ko ka danna maɓallin ɗauka bisa kuskure, rakodar ba za ta goge abin da ke ciki ba.

2. *Duba lafiyarsa.* Leƙa ka ga ko akwai farar fumfuna a zaren. Duba ɗan soson da ke bayan zaren a tsakiya, idan ya faɗi sauti ba zai fita da kyau ba. Saka biro a ramin ka juya a hankali. Idan ya cije, kada ka tilasta shi. Kai wa mai gyaran rediyo ya mayar da zaren cikin wani gidan kaset mai lafiya.

3. *Goge rakodar.* Jiƙa auduga da sifirit ka goge kan da zaren ke gogawa, da sandar ƙarfe da ƙaramar tayar roba da ke jan zaren. Bari su bushe. Fara gwada rakodar da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba, don ka tabbatar ba ta cin zare. Idan murya na rawa ko tana jan jiki, yawanci bel ne ya saki, a canza shi.

4. *Yi amfani da batir.* Idan rakodar da kwamfutar na kan batir, za ka kauce wa gurnanin da wutar janareto ko caja ke sakawa cikin sauti. Idan da waya kake ɗauka, sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse ka.

5. *Saita manhaja.* Zaɓi akwatin USB a matsayin mashigar sauti. Sa awo 44,100 ko 48,000, bit 16 ko sama, hagu da dama.

6. *Daidaita ƙarfi.* Kunna wurin da kiɗan ya fi ƙarfi, ka kalli ma'aunin. Ya riƙa tsayawa wajen -6. Idan ya taɓa 0 ya yi ja, sautin zai fashe, fashewar kuma ba ta gyaruwa.

7. *Ɗauki gefe guda gaba ɗaya.* Mayar da zaren farko, danna ɗauka a manhaja, sannan ka kunna rakoda. Kada ka tsayar har gefen ya ƙare. Babu gajeriyar hanya, minti 30 minti 30 ne.

8. *Ajiye asalin.* Fitar da shi a WAV ko FLAC kafin ka taɓa komai. Wannan shi ne uwar fayil. Duk gyaran da za ka yi, a kan kwafi za ka yi shi.

9. *Gyara kwafin.* A Audacity, zaɓi daƙiƙa biyu da babu kiɗa sai "shuu" kawai, ka nuna wa manhajar cewa wannan ce ƙarar, sannan ka sa ta rage ta a duk fayil ɗin. Rage kaɗan. Idan ka matsa, muryar za ta koma kamar ta ƙarfe. Daga nan ka yanka waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, ka fitar da MP3 mai kilobit 192 ko sama don saurare a waya.

Idan faifan garmaho ka samu

Riƙe shi ta baki, kada yatsa ya taɓa kwarmin. Jingina shi a tsaye, a inuwa, kada ka jibga wani a kan wani. Ka tuna maganar rage amon ƙasa a mataki na 5? Saboda ita, idan ka haɗa garmaho kai tsaye da akwatin sauti na yau da kullum, za ka ji sautin siriri, mara ƙarfi. Sai da akwatin da ke da mashigar garmaho, wadda aka rubuta wa PHONO, kamar Behringer UFO202. Faifai mai juyi 78 kuwa allurarsa daban ce, ta fi kauri. Kada ka kuskura ka goge shi da sifirit, domin sifirit yana narkar da abin da aka yi shi da shi.

Suna da bayani

Fayil mai suna AUD-0047 ba shi da maraba da kaset mara rubutu. Sa suna mai bayani: mawaƙi, gari, shekara, gefe. Ɗauki hoton kaset ɗin gaba da baya, ka ajiye a jaka ɗaya da sautin. Sannan ka zauna da baba ko kaka ka kunna musu, ka tambaya: wa ke waƙar, a bikin wa aka yi, su wa ake ambata, wace shekara ce? Rubuta amsar. Da an sami kaset ɗin Mamman Sani babu suna a jikinsa, da wuya a gano mai shi.

Kwafi uku

Memori na mutuwa ba sallama, waya na ɓata, ga kuma jabun memori da suka cika kasuwa. Ajiye uwar fayil a wuri uku: kwamfuta ko waya, filashi ko hadis da ke wani gida daban, da kuma intanet. Google na ba kowane asusu GB 15 kyauta, wanda zai ɗauki kaset da dama idan a FLAC ka ajiye. Idan za ka aika wa wani ta WhatsApp, aika shi a matsayin takarda, fayil ɗin zai isa yadda yake. Kaset ɗin ma kada ka jefar bayan ka gama, wataƙila gobe a sami na'urar da ta fi taka.

Haƙƙin masu abu

Adanawa daban, sayarwa daban. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, haƙƙin waƙa na nan har shekara 70 bayan rasuwar wanda ya tsara ta. Shata ya rasu a 1999, ka ga ke nan da sauran tafiya mai nisa. Idan kana son ɗora waƙa a YouTube ko Audiomack, musamman inda kuɗi zai shigo, nemi mawaƙin ko iyalansa tukuna. Saƙon murya na dangi kuwa sirrin gida ne, sai da yardar manya.

Aikin gida

A wannan mako, nemo kaset guda ɗaya a gidanku wanda kake da yaƙinin babu irinsa a intanet. Ɓalle harsunansa, ɗauki hotonsa, ka tambayi manya labarinsa ka rubuta. Ko ba ka da akwatin USB yanzu, ka cire kwalin daga ɗakin kwano ka mayar da shi wuri mai sanyi da babu laima. Idan kuna da yawa a unguwa, ku haɗa kuɗi ku sayi akwati ɗaya ku riƙa karɓa-karɓa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an rufe tulun da kyau.

A darasi na gaba za mu shiga cikin Audacity dalla-dalla, mu ga yadda ake yanka waƙoƙi da saka musu suna da hoto. Sai mun haɗu, in Allah ya yarda.